Igiyar ɗaure jirgi: kurakuran da aka fi yi wajen naɗe ta da ajiye ta, da yadda za a gyara

Duk wanda ke harka da kwale-kwale ko jirgin inji, a Yauri yake ko Warra ko Malale, ko Gaya ta Nijar, ko can Yeji a Ghana, ya san cewa a cikin kayan jirgi babu abinda ake wulaƙantawa irin igiya. Inji ana goge shi a lulluɓe da buhu, taru ana shanya shi a zauna a ɗinke inda ya yage, katako in ya fara yoyo a ranar za'a toshe, amma igiyar da ke riƙe da duk wannan dukiyar a bakin kwata da an kwance ta sai kawai a wurga ta cikin jirgi, inda ta faɗi nan ne wurin kwananta, a taka ta, a ɗora mata buhun masara, ta sha ruwan ƙasan jirgi da fetur, sannan in an iso ɗaya tsallaken ana ihu kai yaro kawo igiya, yaro na ja ita kuma ta cukurkuɗe ta ƙi zuwa, ruwa kuma baya jiran kowa, yana ta tafiya da gindin jirgi.

Ni a wajena gyaran igiya ba maganar kwalliya bace. Igiyar da aka ajiye daidai itace wadda ko cikin duhu zaka miƙa hannu ɗaya ka same ta inda ka sani, ka ɗauka ka jefa ta tafi duka bata riƙe komai ba, kuma duk tsawon tafiyar bata kama ƙafar kowa ba bata je kusa da farfela ba. In ta cika wannan to ta gyaru ko da bata yi kyaun gani ba, in bata cika ba to komai kyanta aikin banza ne.

Kuskuren da yafi kowanne yawa shine naɗe igiya a gwiwar hannu. Kowa ya iya shi tun yana yaro, a riƙe baki ɗaya a tafin hannu a dinga zagayawa ta gwiwar hannu, cikin sauri an gama. Matsalar ita ce duk zagaye ɗaya da kayi a haka ka ƙara wa igiyar murɗi ɗaya, kuma murɗin baya fita, yana nan a ciki yana jira, ranar da ka jefa ta sai kaga ta tafi rabi ta dunƙule a sama ta faɗo ruwa, ko kuma ta dinga yin wasu ƙananan kunnuwa a jikinta waɗanda in aka ja su da ƙarfi suke buɗe tufkar su karya silin. Igiyar da ta taɓa karyewa a irin wannan wurin bata sake komawa daidai, ko ka miƙar da ita wurin ya riga ya raunana.

Gyaran shine ka fara sanin wace iri ce a hannunka. Yawancin igiyar da ake sayarwa a kasuwanninmu mai sili uku ce, tufkar dama. In kana so ka tabbatar, ka miƙar da ita tsaye a gabanka ka duba layin silin, zaka ga suna hawa daga hagu ta ƙasa zuwa dama ta sama, irin sandar tsakiyar harafin Z. Irin wannan ana naɗe ta ne ta inda hannun agogo ke bi. Ka riƙe da hagu, ka miƙa hannun dama ka jawo tsawon gaba guda, wato buɗin hannu biyu, ko ƙasa da haka kaɗan, yayin da kake kawo ta hannun hagu sai ka ɗan murza ta tsakanin babban yatsa da manuni ta ɓangaren da zoben ke son kwanciya, zaka ji da kanka ta kwanta lumui bata yi gardama ba. In kaga zoben yana juyewa yana son zama lamba 8 to baka murza isasshe ba ko ka murza ta baya. Kuma kowane zobe ya zama tsawonsu ɗaya, saboda in wani ya fi wani tsawo shine ke faɗawa cikin ɗan uwansa ya ƙulle.

Ita kuma mai saƙa, wadda jikinta ke da santsi ba'a ganin sili uku, bata da dama bata da hagu, don haka kar ka murza ta sam. Ka barta ta yi lamba 8 ɗin da take so, haka ake naɗe ta, zoben farko ya murɗa na biyu ya warware, in ka jefa sai ta fita a miƙe. Mutane da yawa suna ganin 8 ɗin a matsayin rashin iyawa sai su tilasta mata ta zama zobe, nan ne suke ɓata ta.

Sai wani ƙaramin abu da ke haɗe da wannan wanda ba kowa ya lura dashi ba, wato ta ina ake fara naɗin. In baki ɗaya yana ɗaure a goshin jirgi, to daga wurin ɗaurin zaka fara kana tafiya zuwa bakin da ke sake, don duk murɗin da ke ciki ya samu hanyar fita ta can ƙarshe. In ka fara daga sakakken baki kana tahowa wajen ɗauri, duk murɗin ka taro shi ne ka kawo shi inda bashi da mafita, sai kaga tsawon gaba guda na ƙarshe ya ƙanƙance ya murɗe yaƙi kwanciya. Igiyar da ta riga ta cika da murɗi kuwa maganinta a miƙar da ita duka a kan tudu a girgiza, ko a sake ta a ruwa ta bayan jirgi lokacin da ake tuƙi da filafili inji na kashe, ta juya ta sauke da kanta. Na ce inji na kashe fa, kar wani yaje ya gwada da inji a kunne.

To an naɗe, saura ajiyewa, kuma nan ma akwai aiki. Wasu suna naɗewa tsaf sannan su ajiye zoben haka nan a sake a ƙasan jirgi, jirgi ya ɗan yi tangal-tangal ko fasinja ya ture da ƙafa shikenan an koma gidan jiya. In igiyar ba yanzu za'a yi aiki da ita ba sai an kulle naɗin, ka bar kamar tsawon gaba guda a ƙarshe, ka zagaya wuyan zoben sau uku ko huɗu kana hawa sama, sannan ka lanƙwasa sauran ka tura lanƙwasar ta cikin idon sama ka kifa ta a kan zoben gaba ɗaya ka ja bakin ya matse. Wannan ko wurgi kayi da ita bata warwarewa, in kuma zaka buɗe ka ɗage lanƙwasar nan kawai. Sannan a rataye ta. Ƙusa guda da aka lanƙwasa a cikin goshin jirgi ta isa, ko ɗan guntun siririyar igiya da aka ɗaura a katakon zama, muddin dai ta bar ƙasa iska na shigarta kuma kullum wurin ɗaya ne, yadda kai da yaronka da duk wanda ya saba da jirgin ya san inda take ba sai an tambaya ba.

Amma in an kusa isa kwata kar a bari sai goshi ya kusa taɓa ƙasa sannan a fara kwance kulli. Tun da saura a sauko da ita a buɗe, a ajiye ta bakin da zai fara fita yana sama. Mutane suna mantawa da wannan, in ka gama naɗi daga wurin ɗauri zuwa sakakken baki dole ka duba wane ɓangare ne a sama, in wanda zai fara tafiya yana ƙasa to sai ka kifa zoben, in ba haka ba igiya zata dinga fita ta ƙarƙashin 'yan uwanta tana ɗebo su. Wajen jifa kuma a raba zoben biyu, kaɗan a hannun jifa sauran a ɗaya hannun a buɗe tafin, ka jefa na farko sauran su bi shi. Wanda ya dunƙule duka ya wurga a hannu ɗaya ba zata yi nisa ba.

Akwai wani salon da nake gani musamman a jiragen faiba, waɗanda ake ce wa fulayin bot, inda ake kwantar da ragowar igiya a dinga zagayawa daga tsakiya har ta zama kamar faifai. Gaskiya yana da kyaun gani, kuma baya sa tuntuɓe sosai tunda a shimfiɗe yake. Amma kar a barshi ya kwana ya wuni a haka, ƙarƙashinsa baya bushewa, yashi da ɓawon kifi suna taruwa a ciki, samansa rana na ci, kuma in ka ja daga tsakiya kowane zagaye murɗi ne. In baƙi za su hau ka yi abinka, in sun sauka ka ɗauke ka naɗe ta yadda ya kamata.

Yanzu bari in zo kan wanda yafi damuna, igiya da ƙafar mutane. Ranar kasuwa jirgi ɗaya zaka samu mata da goyo, tsofaffi, yara, buhuna, awaki, babur, wani lokaci har da shanu a manyan, kowa ƙafarsa na ƙasan jirgi kuma ba mai kallon ƙasa. In igiya na zube a wurin, ba makawa akwai ƙafar da ke cikin wani zobe. Ka ɗauka yaro ya yi tsalle da bakin igiya ya zagaya turke, ruwa na da ƙarfi ya ja jirgin mai lodi baya, duk abinda ke kwance a ƙasa zai miƙe ne lokaci ɗaya, kuma zoben da ke idon sawun wata baiwar Allah zai tsuke da nauyin jirgin gaba ɗaya. Ba ƙarfin mutum bane zai buɗe shi. Haka in jirgi ya kife, Allah ya kiyaye, wanda ya iya ruwa ma in igiya ta harɗe masa ƙafa a ƙarƙashin jirgi iyawarsa bata da amfani. Idan ana maganar haɗarin jirgi, irin wanda ya faru kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 inda mutane da yawa suka rasu, abinda ake ambata shine lodi fiye da kima da tsufan jirage da kututturan da ke cikin ruwa da tafiyar dare, kuma gaskiya ne sune manya, shi yasa hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin Najeriya ke ta nanata maganar rigar kariya da hana tafiyar dare. Igiya bata cikin wannan lissafin, amma ita ce abu guda da matuƙi zai iya gyarawa yau ɗin nan ba tare da ya kashe ko sisi ba. Wurin da fasinja ke zama da wurin da suke bi su hau su sauka kar a bar ko kamu ɗaya na igiya a kwance, ta goshi ta tsaya a goshi, ta baya ta tsaya a baya. In kaga wata ta sa ƙafa kusa ka yi magana, Inna ɗan ɗaga ƙafarki in janye igiyar nan, ba wanda zai ji haushi.

Shi ma yaron jirgi a koya masa kar ya taɓa naɗa igiya a hannunsa ko a wuyan hannu don wai ya samu ƙarfin riƙewa. Jirgi mai lodi a ruwa mai gudu ba'a tsayar dashi da hannu, turke ke tsayar dashi, ka zagaya sau ɗaya ko biyu a jikin turken ka riƙe bakin, gogayyar igiya da turken ce ke ɗaukar nauyin kai kuma kana sassautawa a hankali. Wanda ya naɗa a hannu ko dai ya bi jirgin cikin ruwa ko igiyar ta sale masa fata, in abin ya zo da tsautsayi har yatsa take cirewa. Kuma kar a tsaya a saitin igiyar da ta miƙe tana ƙara, musamman ta nailan mai talewa, in ta tsinke dawowa take da ƙarfin gaske ta inda ta fito.

Lodi a kan igiya kuwa bana jin sai na daɗe a kai. A naɗe a rataye kafin buhu na farko ya shiga, shikenan. Kuma igiyar ɗaure jirgi ba ita ce ta ɗaure akuya ko babur ba, a nemi wata daban, don ranar da ka buƙace ta zaka tarar tana wuyan tunkiyar wani.

Sai farfela. Igiyar goshi in ta zame ta faɗa ruwa ana cikin tafiya ba mai gani, bin ƙarƙashin jirgi take ta miƙe zuwa baya, in tsawonta ya kai inda inji yake to farfela zata kama ta ta naɗe cikin ƙiftawar ido, inji ya mutu a tsakiyar ruwa, goshi da gindi a ɗaure da juna ta ƙasa har ma ba'a iya ɗaga injin. Gyaran mai sauƙi ne, igiyar da ke zaune dindindin a goshi a yanke ta yadda in ka miƙar da ita ta gefen jirgi zuwa baya bata kai farfela ba, ta gaza da kamar kamu biyu. Nasan za'a ce ai wani wurin akwai taɓo ko ciyawar burgu jirgi baya kaiwa gaɓa, dole sai doguwa. Haka ne, to a samu doguwar daban a ajiye ta a naɗe, in an zo irin wurin a ƙulla, in an tashi a kwance a mayar. Ta baya kuma ita ce tafi kusa da haɗari, kafin a ja inji a tabbatar ta shigo duka, da ido za'a gani ba wai a tambaya a ce eh ba.

In kuma ta riga ta naɗe, a kashe inji tukuna kafin kowa ya kai hannu, a ɗaga shi a warware ko a yanke, shi yasa wuƙa mai kaifi bata rabuwa da wurin zaman matuƙi. Bayan an dawo gida kar a ce ai an cire shikenan, a kwance farfelar a duba bayanta, don siraran zare irin na mamari da guntayen taru suna shigewa can su yanke robar da ke hana ruwa shiga giyar inji. In ka buɗe man giya kaga ya koma fari-fari ruwa ya shiga kenan, kuma gyaran giyar injin Yamaha 40 kowa ya san ba kuɗin igiya bane.

Ɗaurin kansa ma yana cikin gyara, domin igiyar da aka yi wa mugun ƙulli ƙarshenta wuƙa. Abinda aka saba shine a yi ta jera ƙulli kan ƙulli har biyar shida wai don kar ya kwance, ruwa ya jiƙa shi jirgi ya ja shi dare guda, da safe sai an sa haƙori ko ƙusa. A turke ko a zoben ƙarfe abinda yafi shine zagaye biyu cikakku a jikin turken, sannan rabin ƙulli biyu a jikin igiyar da ta tafi jirgi, zagayen ne ke ɗauke da nauyi don haka ko jirgi na ja zaka iya kwancewa. Ƙullin ido wanda baya zargewa, wanda ma'aikatan jirgi ke kira bolin, yana da kyau in kana son ido da zaka kifa a turke kawai, amma ka sani baya kwantuwa in igiya na miƙe sai an sassauta. Zarge kuwa a barshi, matsewa yake yi har abada. Masu jirgin faiba da ke da ƙarfen nan mai ƙaho biyu, zagaye ɗaya a gindinsa, lamba 8 ɗaya ko biyu a kan ƙahonin, sai kulli ɗaya, ya wadatar, tara masa igiya har ƙarfen ya ɓace ba ƙarin ƙarfi bane ƙarin ɓata lokaci ne ranar da kake son tashi da gaggawa. Wani abin kuma, duk ƙulli yana rage ƙarfin igiya, wani har kusan rabi, saboda haka ƙullin da ya shiga tsakiyar igiya da kansa kar a barshi wai ba ya hana komai, a kwance shi tun bai mutu ba.

Ga wata dabara da zata rage rigima a kwata inda jirage uku huɗu ke turke ɗaya. In ka zo ka tarar da idon igiyar wani a kan turken, kar ka kifa naka a samansa, don in shi zai riga ka tashi sai ya cire naka, kuma ba lallai ya mayar daidai ba. Ka shigar da idon taka ta ƙasa, ta cikin idon tasa, ka fito da ita sama sannan ka kifa a turken. In kowa yayi haka duk wanda ya tashi zai zare tasa ba tare da ya taɓa ta wani ba. Sai an gwada ake yarda.

Ragowar igiya bayan an ɗaure, kar a barta zube a kan gaɓa. Nan ne masu baro da 'yan acaba da dabbobi ke bi, suna taka ta suna cusa mata yashi, kuma yashin da ya shiga tsakanin sili yana yanka ta ne daga ciki duk lokacin da ta miƙe ta saki. Yafi kyau bakin kawai ya je turke, ragowar ta zauna cikin jirgi a naɗe, daga nan kake ƙarawa kana ragewa. In kai kaɗai ne kuma ruwa na gudu, ka zagaya turken ka dawo da bakin cikin jirgi ka ɗaure, lokacin tashi sai ka saki baki ɗaya ka jawo kana zaune, amma ka tabbatar babu ƙulli a bakin da zai maƙale.

Maganar ƙarawa da ragewa ba ƙarama bace a ruwanmu. Tafkin Kainji tun da aka gama dam ɗin a 1968 ruwansa hawa yake yana sauka da mitoci masu yawa a shekara, akwai cikar damina, akwai kuma ruwan da ke tahowa daga tsaunukan Gini ta Mali wanda sai wajen sanyi yake isowa, waɗanda ke ƙasan dam kuma in aka saki ruwa cikin dare ma yana iya tashi. Jirgin da aka ɗaure tamau da gajeriyar igiya a turken da ke ƙasa, in ruwa ya hau goshinsa zai danne ya sha ruwa, in kuma ruwa ya janye ka tarar dashi a kan taɓo ko a rataye. A bar masa sarari daidai, kuma jirgin da zai kwana biyu ba'a taɓa ba a dinga leƙa shi. Inda igiyar ke gogar bakin katako ko dutse a zura mata guntun tiyo ko a naɗa tsumma a ɗaure, don kusan kullum a nan take tsinkewa, da daddare lokacin da iska ta taso.

Igiyar anka, ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, tata dokar daban ce, ita bata son naɗin zobe sam saboda da gudu take fita. A samu bokiti ko jarka da aka yanke, a huda ƙasan ruwa ya dinga fita, a fara ɗaure bakin ƙarshe a jikin jirgi (an sha jefa anka ta tafi da igiyarta gaba ɗaya saboda ba wanda ya ɗaure ƙarshen), sannan a dinga zuba igiyar ciki hannu bayan hannu yadda ta faɗi, kar a gyara ta kar a juya bokitin, anka a sama. Yadda ta shiga haka zata fito. Tsawonta kuma ya ninka zurfin ruwan kamar sau biyar zuwa bakwai in ana so ankar ta kama ƙasa da kyau.

Na ƙarshe shine abinda ke cin igiyar tana ajiye. Shuɗiyar nan ta roba da kowa ke saye don araha, amfaninta tana yawo a saman ruwa, amma rana ce ajalinta, in ka barta a fili wata da watanni zaka ga launin ya koɗe tana sukar hannu, in ka murɗa ta baya ka buɗe silin sai kaga gari na zuba, to wannan ta gama aiki ko da daga nesa lafiya lau take. Nailan na gaske yafi ta ƙarfi kuma yana talewa ya shanye fizgar igiyar ruwa, shi yasa ya dace da ɗaure jirgi, sai dai nutsewa yake kuma ruwan batir na cinye shi, don haka kar a rataye shi kusa da batir. Ta rama ko ta kaba kuwa in aka ajiye ta a jiƙe ruɓewa take daga ciki, dole a shanya ta a inuwa ta bushe. Dukkansu ba'a barinsu cikin ruwan ƙasan jirgi inda fetur da baƙin mai ke taruwa, santsi suke yi ƙulli ya ƙi zama, kuma wadda ta sha ƙarnin kifi ɓera na bin ta, a ɗauraye ta da ruwa mai kyau lokaci lokaci. Bakin da ya fara warwarewa kar a yi masa dunƙulen ƙulli, shi ke maƙalewa a tsagar katako, ta roba a ƙona bakin da ashana a murza da tsinke ya haɗe, ta rama a naɗe bakin da zare a matse. In ɓangaren turke ya fi cinyewa a juya ta, na jirgi ya koma turke, zata ƙara kwana. In kuma sili ɗaya cikin ukun ya yanke, a sauke ta daga aikin ɗaure jirgi a ranar, a yayyanka ta gajeru a bar wa masu awaki, don in aka barta da tsawonta a cikin jirgi wani zai sake ɗauka ya ɗaure da ita.